Reshen da Ya Ɓuya a Bayan Durom

Zuwa ga Vidar, hasken safiyata, ɗumin rana bayan dogon hunturu, ƙamshin ƙasar da ƙanƙara ta saki!

Ta yi fure, Vidar! Shukar spirayarmu ta yi fure!

Ka tuna ranar da za ku koma Umeå, muna tsaye a lambunmu gefen spirayar nan, ka tambaye ni ko ina sonka? Kunya ta ƙulle mini baki. Da ƙyar na ce in ta sake fure zan aiko maka da reshe, shi ne amsata. Ka ce in bai zo ba ka gane, ba za ka ƙara damuna ba.

Tun daga ranar nake lallaɓa ta, ina zuba mata taki, ina cire mata ciyawa. Sai ga Baba a watan Oktoba da almakashin shinge, ya bi lambu yana daidaita komai, ya haɗa da ita. Na dawo daga makaranta na tarar da rassanta a zube! Kaka ta riƙe baki ta ce, "Kai Sune, ka aske furen baɗi kaf! Wannan a reshen bara take fure, sai ya kaɗe ake taɓa ta." Baba ya ce, "Haba Mama, in ba ta yi baɗi ba ta yi shekarar gaba, gudu za ta yi?" Bai san abin da ya yanke ba.

Ya sanyin idona, wane irin hunturu ne wannan! Sau nawa na ɗauki waya in faɗa maka, kunya ta sa na ajiye? Yaya zan faɗi da baki abin da na ɗora wa fure? Kullum tsorona kada ka ji shiru, ka ɗauka amsar ke nan.

Yau da safe Kaka ta aike ni ɗebo ruwa a durom ɗin da ke ƙarƙashin indararo. Ina sunkuyawa sai na gan shi: reshe ɗaya tal, ya lanƙwashe ya ɓuya a bayan durom, almakashi bai kai gare shi ba. Fari fat, kamar kumfar madara! Na durƙusa ina kuka ina dariya. Kaka ta leƙo ta taga ta ce, "'Yar nan, ruwan durom na aike ki ɗebowa ko na idonki?"

Na yi alkawari, daga yau ni kaɗai zan riƙa rage mata rassa, kuma sai furenta ya kaɗe. Baba ma ya sallama mini almakashin.

Ga reshen nan a cikin ambulan, bai fi ɗan yatsa ba. Ko ya iso maka a bushe, ko ya zama gari, amsar ba ta canja ba. Eh, Vidar. Eh!

Taka, wadda saiwarta ta kama a zuciyarka, bana da baɗi da duk shekarun da ke tafe,
Ylva