Kitson Sallah a Hannun Asabe

Zango, Damagaram

Yaya Hafsatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Tahiru da duk mutanen Zermu. Ya jikin Inna?

Ciwon wuya da kafaɗar nan da kika ɗora wa matashin kai, ashe ba laifinsa ba ne. Likita ya ce jijiya ce ta matse a tsintsiyar hannuna, shi ya sa yatsuna ke mutuwa, ni kuma ina ta ɗage kafaɗa ina kitso har wuya ya sanƙare. Ya ɗaure hannun, ya hana ni taɓa kan kowa sai bayan Sallah. Sallah fa, Yaya!

Yanzu matan da ke cika min tsakar gida sun koma wurin Asabe maƙwabciyata, wadda da can tsaga ma karkace mata take yi. Har Ummul Khairi, da nake yi wa kitso tun tana 'yar makaranta a lakwal, ta shigo yi min sannu da sabon shuku a kanta. Na amsa kamar na haɗiyi garwashi. Abin haushin, kitson ya yi kyau.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Wasila


Yaya Hafsatu,

Bayan gaisuwa, man zafin da kika aiko ya iso, Allah ya bar zumunci.

Jajibirin Sallah Asabe ta shigo da kibiyarta, ta ce ba za ta bar ni in yi idi da tsefaffen kai ba. Wanzami ba ya son jarfa, amma na zauna. Tana cikin yi sai na ji tana tsayawa, ta yarfe hannu, ta murza wuya, ta ci gaba. Haka nawa ya fara.

Yaya, daɗi na ji, ba zan ɓoye miki ba. In na faɗa mata, za ta je likita da wuri, ta warke, ta riƙe min mutane. In na yi shiru, kafin babbar Sallah nata hannun zai sha ɗauri, su dawo gidana.

Ta zuba min kitson da ban taɓa yi wa kowa irinsa ba. Kullum da safe kuma sai ta leƙo ta tambayi hannuna. Ni har yau ban tambayi nata ba.

Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Taki,
Wasila