Sunan da Inna Ta Ƙi Kira

Karare, ta hanyar Batsari
Oktoba, 1951

Zuwa ga yayana Ɗanjuma, a Bukuru,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, tare da addu'ar alherin Ubangiji ya tabbata a gidanka. Allah ya tsare ka a ramin kuza, ya kiyaye ƙirjinka daga sanyin garin nan. Mu nan muna lafiya gwargwado. An yanke gero, ana cirar gyaɗa. Inna dai idanun sun ida rufewa, ƙafafun suna kumbura, abincinta bai wuce kunu ba.

Kafin in kai ƙarar wani, ya kamata in fara da kaina. Na yi laifi a majami'a. Na miƙe tsaye ana cikin wa'azi, na ɗaga murya a kan fastonmu, Malam Armaya'u, na kira shi makiyayin haya a gaban jama'a. Ban tsaya nan ba, na ɗauki alkawari da ƙarfi cewa ƙafata ba za ta sake taka ɗakin sujada ba sai ran da aka yi wa Inna baftisma. Na san Littafi ya hana rantsuwa, na san ya hana raina shugaba. Na roƙi gafara a kan harshena, amma fushin bai sauka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar ya sauka ba.

Ga yadda abin ya faru. Damina biyu Inna tana zuwa ajin masu neman baftisma, ni nake jan ta. Ka san yadda Malam yake koyarwa: ya jefa tambaya, jama'a su amsa baki ɗaya, ya buga sanda a ƙasa, a wuce gaba. A cikin wannan hayaniya bai taɓa lura ba cewa duk inda aka zo sunan Ubangijinmu, Inna shiru take yi, ta sunkuyar da kai. Da ranar gwaji ta zo, aka riƙa kiran mutane ɗaya ɗaya. Ya tambaye ta wanda ya mutu domin zunubanta, ta ce Ɗan Allah, Mai Ceto, wanda ya tashi daga kabari. Ya ce ta faɗi sunansa. Ta ja gefen zane ta rufe baki. Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har matasa suka fara dariya a baya. Daga nan ya ce ta koma aji sai baɗi. Baɗi, Yaya! Ga tsohuwar da ba ta iya kai kanta bakin ƙofa. A ƙarshen watan nan Baturen mishan zai zo daga Katsina a yi baftisma kafin ruwan rafi ya ƙafe, kuma in ya ƙafe sai wata daminar.

Kai ne ɗan farinta, kai ya fi cancanta ka gane. Tun da ta haife ka ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai ta ce yaron nan. Har Baba ya rasu ba a ji sunansa a bakinta ba. Da muka koma gida na lallashe ta, na ce sau ɗaya tak ta faɗa a wuce wurin. Ta ce mini mijin da ya ciyar da ita da dawa ba ta kama sunansa ba, to wanda ya ba da jininsa ne za ta kira gatsau kamar mai kiran ɗan akuya? Ta ce in suna ake so, shi ya san nata, kuma ya ishe ta.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya fi ƙarfina shi ne Lahadin da ta biyo, da Malam ya yi wa'azi a kan masu musun Ubangiji, ya kawo labarin Bitrus da carar zakara, kowa ya juya yana kallon Inna. Ita ba ta gani, amma ni ina gani. A nan na miƙe. Na tambaye shi ko tsohuwarsa da ke ƙauyen Babban Duhu ta taɓa kiran sunansa, tunda shi ma ɗan fari ne, in kuwa ba ta taɓa ba, ko musunsa take yi. Da baƙo ne daga wata ƙasa da na yi masa uzuri. Amma ɗan gida ne, ya sha nonon wannan kunya. Tsoro yake ji kada Bature ya ce ajinsa bai ƙosa ba. Aikin mai koyarwa bai ƙare a jefa tambaya ba. Da ya zauna kusa da ita ko sau ɗaya, ya nuna mata cewa wannan Ubangiji da kansa ya ba da sunansa a kira, kamar yadda uba yake miƙa wa jinjiri yatsa, da wataƙila ta yarda. Ba a koya wa makaho hanya da nuni. Yanzu har Kawu Lado yana mana ba'a a kasuwar Batsari, wai ashe ƙofar majami'ar tamu da muka ce a buɗe take ita ma tana da ɗan doka.

Ina tuhumar kaina kullum. Littafi ya ce a shaida da baki, kuma mai yiwuwa Malam yana tsaron abin da aka ba shi amana ne. Shi ya koya mini karatun da nake rubuta maka wannan da shi. Nakan kuma tambayi zuciyata ko domin Inna nake fushi, ko domin an yi wa gidanmu dariya. Ban sami amsa mai tsabta ba.

Roƙona shi ne ka zo kafin ƙarshen wata. Tare kuka yi kiwo da Malam, zai ji naka fiye da na macen da ta zage shi. Ka tsaya a gabansa, ya dubi mutumin da uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya faɗa ko ba ta ƙaunarka.

Ka gaishe da Safiyatu da yara, musamman Mani. Hussaina da Gambo suna gaisuwa. Inna ta ce a gaishe da yaron nan.

Maganar alkawarina kuwa, ban cika shi ba. Ran Lahadi Inna ta ɗaura zanenta ta miƙo mini hannu. Na ce na rantse. Ta ce ita aka hana, ni kuma wa ya kore ni? Na ja ta, na shiga, na zauna a baya. Amma da Malam ya rufe addu'a ban ce amin ba.

Ƙanwarka cikin Ubangiji,
Larai