Kurɓin Farko na Zogalen Ummi

Assalamu alaikum, Hajara, uwar Ummi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, mijinki ne ke rubuto miki daga gidanmu na Talata Mafara. Gidan yana nan yadda kika bar shi wata bakwai da suka wuce, sai dai shiru ya yi masa yawa. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan ba wannan labari in ba ke ba.

Ɗiyarmu ta daina cin abinci bayan tafiyarki. Tuwo loma biyu, shinkafa ta tsakura ta ture. Ta rame har ɗan warwaron da kika saya mata yana zamewa. Da na kai ta asibiti, likita ta buɗe idonta ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa, a ba ta magani kuma a dage da ganye.

Inna, mahaifiyarki, ta zo daga Bakura ta ɗaga Ummi da hannu biyu don ta ji nauyinta. Daga baya ta ce namiji ba ya riƙon ɗiya mace 'yar shekara huɗu, in har Babbar Salla ta zo yarinyar ba ta murmure ba, za ta tafi da ita. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce. Amma Hajara, in Ummi ta bar gidan nan, da wa zan yi magana?

Sai na tuna koren abin nan da kike markaɗa mata da safe, wanda nake yi miki tsiya ina cewa abincin awaki ne. Kin san ni da zogale, ko kwaɗonsa ba na kallo. Ke kuwa sai ki ce, "Malam, kai dai ka rasa."

Na sauko da bilandarki daga saman kabad, na wanke. Na yago zogalen bayan ɗaki cike da faranti, har da sandunansa, na zuba ruwa da rabin ayaba na markaɗa. Ummi ta leƙa kofin ta kau da kai. Washegari na sa sukari. Rana ta uku na juye a kofin da ba a ganin ciki don in ɓoye koren. Na yi lallashi, na yi alkawarin alewa, rannan har na daka mata tsawa, abin da nake jin kunyar gaya miki. Kwana goma sha ɗaya ina zubar wa akuyar maƙwabta.

Rana ta sha biyu na gaji, na zauna a dakalin madafa na aje kofin tsakaninmu. Ummi ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Mama ita take fara sha."

Wallahi sai na gan ki. Kina tsugune, kin kurɓa, kin lumshe ido, sannan ki miƙa mata. Kullum a gabana kike yi, ban taɓa lura ba. Ni kuwa tsaye nake miƙa mata kamar mai ba da maganin tari.

Na ɗauka na kurɓa. Subhanallahi! Ɗaci da yaji suka shaƙe ni, na yi ta tari har da hawaye. Ashe abin da nake tilasta wa marainiya ke nan, ban taɓa ɗanɗanawa ba. Ummi ta kwashe da dariya, dariyarta ta farko tun ranar da aka fita da ke. Na bar ta ta ɗauka duk hawayen na tari ne.

Yanzu na koya, da taimakon yayata Asabe ta Maradun a waya, bayan ta gama yi mini dariya ita ma. Ganye ɗanye sabon toho, ɗan cikin tafi kawai, a tsige shi daga sanda a wanke sosai. Ayaba nunanna guda, dabino uku da aka jiƙa, da kindirmo. Ran da aka sami mangwaron Bakura sai in yanka rabi. In babu wuta, turminki na nan, in daka in tace. Ummi ce ke tsige ganyen, rabi a kwano rabi a ƙasa.

Inna ta dawo kwana uku kafin Salla. Ta zauna a tabarma tana kallo na tsuguna na kurɓa, Ummi ta karɓa ta shanye har da lashe baki. Inna ta sake ɗaga ta da hannu biyu. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce to, a bar ta nan tukuna. Tukuna ta ce, ban nemi ƙari ba.

Har yau ba na son zogale, Hajara, kada ki ce kin ci nasara. Amma kowace safiya ina sha, kuma a lokacin ne kewarki ta fi kama ni, don na san kurɓin nan naki ne, riƙe miki kawai nake yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga Alkausara. Allah Ya raya mana Ummi, Ya bar mini ita a gabana.

Mijinki,
Baban Ummi