Taken da Nasiru ya ƙi kaɗawa

Zuwa ga taubashina Labbo mai goge, duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da duk wanda Allah Ya bar maka cikin iyali. Mu nan Ƙaura mun gode Allah. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, ko da yake gonakin nesa har yanzu ba mai zuwa.

Ni ne Amadu tela. Da hannuna nake rubuta wannan a waya, da yatsa ɗaya. Ka tuna dariyar da ka yi mini lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, kana cewa in na ƙware in zo in karanta maka rubutun jikin buhun taki. To ga ranar karatun ta zo. Na san wani ne zai karanta maka. Na sa ta a fili inda kowa zai gani, domin ban san ƙofar da zan aika ta ba.

Albishirinka, Labbo. Nasiru ya dawo gida. Jikana, ɗan Hajara, wanda kake ce wa ɗan birni. Ya shigo zaure da akwati biyu a kafaɗa, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Na tashi na rungume shi ina dariya, hawaye na zuba. Tun ranar maƙwabta ke cewa na koma yaro. Aure ya kawo shi. Yarinyar 'yar garin Banga ce, malamar makaranta, an sa biki bayan an kai amfanin gona gida.

Amma farin cikin nan da saura, kuma sauran yana hannunka.

Ka tuna farkon zuwansa ƙauyenku can bayan Zurmi. Ubansa na aiki Legas, uwar ta kawo shi hutu, ni kuma na ɗauke shi a bayan keke don ya ga dangi. Muka same ka gindin tsamiya kana ɗaura fatar guza a bakin ƙwarya. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya durƙusa gabanka har la'asar, ko furar da aka dama masa bai taɓa ba. Da zan koma ya ƙi bina.

Hutun nan gaba ɗaya ba ka bar shi ya taɓa goge ba. Aikinsa shafa ƙaro a izgar da ake goga tsagiya da ita, ya miƙo maka, ka gwada, ka mayar masa ka ce bai yi ba. Na yi maka faɗa, na ce wahalar da ɗan mutane kake yi. Abin da ka ce da ni ke nan: "Wanga yaro kunne garai. Bari hannun shi ji yunwa tukuna."

Hutu na gaba ka sassaƙa masa 'yar kukuma, ɗan ƙaramin goge daidai cinyarsa. Kaji sun sha wuya a gidanka shekarar nan. Matarka Inno, Allah Ya jiƙanta, takan kore shi bayan rumbu ta ce zai hana nonon saniya zuwa. Kafin a yi wa ƙannensa kaciya, ya iya taken manoma da na maƙera da na mahauta, kana kaɗawa yana bin ka a baya.

Can Legas aka sa shi makarantar da ke da malamin kiɗa. Nan ya fara ganin gogen Bature, wanda suke ce wa bayolin. Ya ba ni labari cewa ranar farko da aka miƙa masa, sai ya zauna ƙasa ya ɗora shi a cinya kamar yadda ka koya masa. Ajin ya fashe da dariya. Malamin ne kaɗai bai yi ba, don kafin a gama dariyar yaron ya fitar da taken manoma daga cikin abin da bai taɓa riƙewa ba. Daga baya aka nuna masa yadda ake maƙale shi ƙarƙashin haɓa.

Da ya kawo maka shi ka gani, ka juya shi gaba da baya, ka shinshina, ka ƙwanƙwasa, kana neman inda aka ɗaura fata. Ka ce Bature bai yarda da tsagiya guda ba, shi ya sa ya tara huɗu su yi wa juna shaida. Amma na ga fuskarka lokacin da ya ja ƙaramar tsirkiyar nan mai siririyar murya.

Abin da ya biyo baya ba ka gani ba, bari in ba ka. Ya ci jarrabawa aka ɗauke shi makarantar kiɗa a Turai. Can ba a kiɗa da ka. Komai a takarda yake, ɗigo-ɗigo kamar tururuwa a kan layi, abin da waɗansu mutane suka tsara tun kafin a haifi kakanninmu, ba a ƙari ba a ragi. Malamarsa ta yi shekaru tana yaƙi da yatsunsa na hagu. Wannan jan da kake yi, yatsa ya zame a kan tsagiya murya ta karye kamar mai shirin kuka, su wajensu kuskure ne. Ya danne shi har ya daina fitowa.

Ya nuna mini hoto mai motsi. Makaɗa cike da dandamali, duka cikin baƙaƙen kaya, mutum ɗaya a gaba yana kaɗa musu ɗan tsinke. Masu kallo tsit kamar ana huɗuba, ba guɗa ba kirari. Nasiru na can kujerar gaba. Kiɗan na da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, wani wuri sai ka ji kamar hadari na haɗuwa daga gabas. Na yi alfahari. Amma na ce a raina, da Labbo na nan sai ya tambaya wa ya rasu.

Ya ce akwai lokacin da hannunsa ke kiɗa zuciyarsa na wani wuri. Sai wani abokinsa ya kai shi ƙauyen masunta a bakin teku. Ya tarar da tsofaffi riƙe da irin gogen Baturen nan nasa, ba takarda, suna buga ƙafa a ƙasa, kowa ya koya daga bakin ubansa ko kawunsa. Suka tambaye shi abin da ake kaɗawa a garinsu. Ya saki yatsan nan da ya daɗe yana tsarewa. Wani tsoho ya ajiye nasa gogen ya matso da kujera, ya ce ya sake.

Tun daga nan yake tafiya da akwati biyu, ɗaya na Bature, ɗaya na ƙwarya da ya haɗa da kansa. Yau yana cikin masu baƙaƙen kaya, gobe yana zaune da makaɗan ƙauye na ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Duk inda aka tambaye shi wa ya koya masa, sunanka yake fara kira.

Sai dai abu ɗaya. Ka san ƙa'idarku ta gidan goge fiye da ni. Ba a fara wasa sai an buɗe da taken gida, wanda ka gada wajen ubanka. Kuma yaro ba ya kaɗa taken nan sai ubangidansa ya sallame shi gaban mutane, ya shafa ƙaro a izgarsa da hannunsa ya miƙa masa. Zuwansa na ƙarshe ya roƙe ka. Ka ja haɓarsa ka ce: "Tai ka yo gemu, ɗan birni. Ran da ka dawo da shi ni sallame ka."

Gemun ya fito, Labbo. Har ya fi nawa cika.

Kafin ya dawo 'yan bindiga suka shiga ƙauyenku. Ba zan tsaya kan wannan ba, kai ka gani, ni ji na yi. Waɗanda suka iso Zurmi da Moriki na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya ga ka yi arewa da jikokinka mata. Na sha zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ba saye ba sayarwa, sai tambayar direbobi da masu shanu. Bara wani dillali ya ce ya ga wani tsoho ƙetaren iyaka, wajen Maraɗi, yana tufkar igiya a bakin kasuwa, idonsa ya yi rauni. Ya ce abin da ya sa ya lura da shi, in ya tsaya hutawa yatsunsa na hagu ba su tsayawa, suna ta tafiya a kan igiyar. Bai tambayi sunansa ba. Ni ban buƙaci suna ba.

Duk shekarun nan Nasiru bai taɓa buɗe wasa da taken ba. Yakan shiga kiɗa haka nan, kamar mai shiga gida ba sallama. Turawa ba su san da abin da ya ɓace ba. Amma yanzu so yake ya yi wasa a tsakar gidana ranar bikinsa, karo na farko a ƙasar da aka haifi uwarsa, gaban tsofaffin da suka san yadda ake buɗewa. Ya ce a nan ba zai iya shiga ba sallama ba.

Na ce masa ni taubashinka ne, abinka nawa ne, ko rigar jikinka na ƙwace ba mai shari'a, bari in shafa masa ƙaron a madadinka. Ya yi dariya, ya ce hannun da ya saba da almakashi ba ya sallamar mai goge. Uwarsa ta ce wa zai sani. Ya ce shi zai sani. In ba ka sallame shi ba, zai ajiye akwatunan biyu a ɗaki, a ci tuwon biki a watse.

Don haka nake roƙonka. In kana da ƙarfin tafiya, ka sa a gaya wa kowane direban Shinkafi cewa Amadu tela na Ƙaura na nemanka, Nasiru zai zo da kansa ya ɗauko ka. In jiki ya ƙi, ya yarda ya kawo izgar har inda kake, ka tara ko mutum uku na bakin kasuwa su shaida. In kuwa ka rantse ba ka ƙara taɓa kayan kiɗa bayan abin da ka gani, ba mai ganin laifinka. Ka faɗa da bakinka kawai, mu san kana da rai.

Akwai kuma abin da ban gaya wa yaron ba. Ina zaune kan keken ɗinki nakan yi ƙoƙarin rera taken a hanci. Farkon yana nan, ƙarshen yana nan, tsakiyar ta fara ɓace mini. Mutum biyu suka rage a duniya da suka san shi duka. Ɗaya na kwana a ɗakin da ke kusa da nawa, na roƙe shi ya kaɗa mini a asirce ko sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Ɗayan kai ne. Ina so in ƙara jinsa kafin a kira ni.

Allah Ya sa wannan takarda ta faɗa hannun mai tausayi da zai karanta maka ita a hankali. Allah Ya ƙara maka hasken ido, Ya tsare jikokinka, Ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe hanyar Zurmi. Allah Ya haɗa fuskokinmu tun muna iya gane juna.

Naka har kullum,
Amadu tela, Ƙauran Namoda.