Mun Tafi Kallon Ƙwallo Mu Biyu, Na Dawo da Rigarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu ba shi da girma, kuma yanzu ba wanda bai san fuskata ba. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle, abinci ma turawa kawai nake yi.

Ni ɗan Magariya ne, ina sayen riɗi da gyaɗa a ƙauyukan Bande da Waca ina kai wa manyan 'yan kasuwa. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu, ni da ƙanena, zan kira shi Auta kamar yadda Inna take kiransa, duk da har ya tara gemu. Auta yana da gidan kallon ƙwallo a bayan tasha, rumfar kwano ce da bencina da tele biyu, da wani tsohon injin wuta mai tari kamar mashayin taba. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, ƙwallo ta shiga jininmu, ni dai kallo ne nawa, shi kuwa har sunayen matan 'yan wasa ya sani.

Da aka zo gasar kofin Afirka a wata ƙasar Larabawa ta bakin teku, sai ya sa ni gaba. Kullum maganarsa ɗaya, “Yaya, mu da muke haska wa mutane kallo, haka za mu mutu ba mu ga ciyawar nan da idonmu ba?” Namu na Nijar ba su samu zuwa ba, amma na Najeriya suna ciki, can ne kuwa dangin babanmu, su muke bi tun muna yara. Riɗi ya yi albarka a shekarar, sai na ce to, mu je mu kashe ƙwarƙwatar ido sau ɗaya a rayuwa. Inna ta ƙi da farko, ta ce ita ba ta taɓa jin an hau jirgi don a je a ga ƙarti suna bin fata da gudu ba. Muka yi ta lallashi har ta haƙura. Ranar tafiya a bakin zaure ta kama hannun Auta ta sa a cikin nawa, ta ce, “Ga shi nan. Yadda ka ɗauke shi haka za ka maido mini shi.” Ni kuwa har da dariya, na ce haba Inna, wannan ƙaton ai shi zai riƙe ni.

Ba zan ɓoye muku ba, mun ji daɗi. Daga Damagaram zuwa Yamai a mota, daga nan jirgi, Auta ya riƙe hannun kujera yana ta salati har muka sauka. Mun ɗauka mun san sanyi, ashe wasa muke, can ga sanyi ga ruwan sama a tare. Muka haɗu da 'yan Kano da 'yan Maraɗi muka kama ɗaki ɗaya, kowa ya zazzage abin da ya zo da shi, mu ƙuli-ƙuli da yaji, su kilishi da garin rogo. Muka sayi mayo, wato rigar 'yan wasa, guda biyu iri ɗaya, muna ɗora su kan rigunan sanyi. Ranar da muka fara shiga fili na ga hawaye a idon Auta, ya ce, “Yaya, ashe da gaske kore ce, ba tele ce ke ƙara mata ba.” Wani ɗan Kano yana da ganga, Auta ke ba da waƙa, har Larabawa suna zuwa ɗaukar hoto da mu.

Sai dai na lura kullum yana kan waya da wani yana ƙasa da murya, da safe ya fita shi kaɗai ya ce zai ga gari, ya sayo wata jibgegiyar rigar ruwa, yana kuma yawan tambayar masu masauki nisan wani gari da ke can arewa a bakin ruwa. Ni sakarai na ɗauka budurwa ya yi, har ina tsokanarsa wai Inna ba ta jin Larabci.

A wasan ƙarshe da za mu kalla kafin mu dawo, da aka tafi hutun rabin lokaci sai ya cire mayonsa ya shimfiɗa a kan kujera, ya ce in riƙe masa wuri zai je ya yi alwala. Aka dawo wasa bai dawo ba, na ce layi ne. Can sai 'yan Najeriya suka jefa ƙwallo a raga, fili ya ɗauka, na miƙe ina rawa kamar wanda aka yi wa bushara da Aljanna, sai ga fuskata a babban allo, na ɗaga hannu biyu ina ihu. A daidai lokacin a Magariya rumfar Auta ta cika maƙil, kowa ya gan ni, an ce har benci aka karya don murna. Aka tashi wasa na zauna ina jira, mutane suka watse, har masu gadi suka zo suka fitar da ni, da rigarsa a hannuna. Na zaga asibiti, na zaga wurin 'yan sanda, 'yan Kano suka taya ni nema, Allah ya saka musu. Kashegari sai ga saƙon murya daga Auta. Ya ce in yafe masa, ya gaji da tara yara suna kallon rayuwar wasu a tele, yana garin nan na arewa tare da masu jiran jirgin roba su haye Turai. Ya ce, “Na haɗa ka da Allah Yaya, kada Inna ta ji maganar ruwa sai na taka ƙasa.” Na kira, na yi zagi, na yi kuka, na yi magiya, ya ƙi faɗa mini inda yake a garin. Bizata ta ƙare, na hau jirgi ni kaɗai.

Inna tana da tansiyo, hawan jini, bara ma sai da ya taɓa mata ɓarin jiki, har yanzu hannunta na hagu bai gama dawowa ba. Don haka na ce mata Auta ya tsaya can neman aiki, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, maganar teku ce kawai na haɗiye. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Sai ta sa jikarta ta kawo waya, ta buɗe mini hoton nan nawa mai motsi da duk gari ke turawa juna, ta sa yatsa a kan kujerar da ke gefena, babu kowa sai riga. Ta ce, “Lokacin da kake wannan rawar, ina ɗana yake?” Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

Da farko yana turo saƙo jefi-jefi, ina kunna mata gaisuwar in kashe kafin ya kai ga sauran. Saƙonsa na ƙarshe ya ce ana jiran ruwa ya kwanta, ko yaushe za a iya cewa su tashi, kuma za a karɓe wayoyi. Daga nan shiru, makonni ke nan. Ban sani ba ko yana tudu, ko yana kan ruwa, ko yana ƙarƙashinsa.

To ga inda matsalar take. Inna ta ce za ta yi masa kiranye. Ga waɗanda ba su sani ba, a wajenmu in mutum ya tafi ya ƙi dawowa, akan samu tufarsa mai guminsa wadda ba a wanke ba, a kai wa masu abin, uwa ta kira sunansa a bakin tulu da sassafe. An ce duk inda yake, ko me yake yi, zai miƙe ya nufo gida, ba ya ganin komai a gabansa. Na san da yawanku za ku ce camfi ne, ni ma da bakina haka nake cewa. Amma ni na ga Baba Soja da idona. Baffan Inna ne, a Yekuwa. Zamanin Nasara aka kama shi aikin soja aka yi kudu da shi, shekaru ba labari, sai uwarsa ta yi masa kiranye. Ya gudo daga bariki ya taho a ƙasa, ya iso ƙafafunsa duk sun farfashe, kuma hankalinsa bai iso tare da shi ba. Har ya tsufa bai iya zama wuri ɗaya ba, ina yaro na tarar ana ɗaure masa igiya a ƙafa a gindin gawo, yana ta zagaye yana cewa ana kiransa. Da na tuna wa Inna wannan, sai ta ce ita ma ta sani, ta fi ni saninsa, ita take kai masa fura. Ta ce ko ba komai ya dawo, uwarsa ta gan shi, kuma a Yekuwa aka binne shi, an san kabarinsa.

Ita a tunaninta Auta yana wani gari ne yana wanke kwanuka, in kira ya kama shi mota zai hau. Ni kuwa na san in yana tsakiyar teku a jirgin roba ya miƙe ya nufo gida, ina zai taka? Auta ko a tafkin bayan gari bai iya ruwa ba.

Sauran kayansa duk ƙanwarmu ta wanke su tun muna can, abin da ya rage da guminsa mayon nan ce kaɗai, kuma Inna ta gan ta a hoton, ta san tana wurina. Ta aiko Kawu, ƙanenta, ya same ni a shago. Muka yi sa-in-sa sosai, ya ce na kai yaro na zubar na dawo ina hana uwarsa nemansa, wai ko rumfar kallon nake so in gada. Na faɗa masa maganar da bai kamata ɗa ya faɗa wa kawunsa ba, ya kaɗa riga ya tafi. Na je wurin malaminmu, ya ce kiranye shirka ce, kada in ba da ko zare, in yi ta addu'a. Na ce to in gaya mata gaskiya? Ya ce rantsuwa dai tana da kaffara, amma uwa in ta faɗi ba ta da madadi. Likitan da ke duba ta kuwa tun bara ya ja mana kunne, ya ce duk labarin da zai girgiza ta a nesanta shi da ita. Matata ta ce in wanke rigar kawai in kai, to Inna sai ta shinshina, ta san warin ɗanta. Jiya Inna ta aiko da kanta, ta ce in ban kawo rigar ba kafin Juma'a, ba ta yafe mini nonon da na sha ba.

Kun ga inda nake. In na faɗa mata maganar teku, ina tsoron in kashe ta da bakina, ga kuma Allah da Auta ya haɗa ni da shi. In na ba da rigar, ko da camfi ne, duk ranar da aka ce an tsinci gawarsa ba zan taɓa sanin ko ni na tura shi ruwa ba. In na hana, na rasa albarkar uwa, kuma wataƙila duk wannan rigimar a kan wanda ya riga ya rasu muke yi. Ƙwallo kuwa ko ihun 'yan kallo daga bayan tasha ba na son ji, na daina bi ta hanyar.

Akwai abu ɗaya da nake ta juyawa, ban faɗa wa kowa ba sai ku. Rigunan biyu ne iri ɗaya, tawa ma ban wanke ta ba tun ranar, suna nan tare a jaka guda har warinsu ya gauraya. Ina tunanin in kai mata tawa. In abin ƙarya ne, ba wanda ya cutu, hankalinta ya kwanta na ɗan lokaci. In kuma gaskiya ne, to ni kiran zai kama, ni da nake gida, ban san inda zan nufa ba, kuma ina da 'ya'ya ƙanana da suka san gindin gawon nan na Yekuwa.

Don Allah wanda ya san abin nan da gaske, ko wanda nasa ya taɓa bin hanyar ruwa ya yi shiru haka sannan ya ɓullo, ya yi mini magana. Masu zagi ku zaga, ba za ku faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba. Jibi ne Juma'a. In faɗa mata, ko in kai tasa, ko in kai tawa?