Mai Rawani Ce Ta Kai Amaryarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa an ɗaura auren jikarka Safiyya, an kuma kai ta ɗakinta a unguwar Stratford, nan Landan, lafiya lau. Wani dogon yaro mai suna Mahmud ya yi maka ƙwacen amarya. Yaron kirki ne, amma na san da kana nan sai ka wahalar da shi da tsokana kafin ka sakar masa ita.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar motarka, Baba. Na ce motarka ne saboda haka muka taso muna kiranta, alhali ko sitiyarinta ba ka taɓa riƙewa ba. Kana ɗan makaranta a Jos ka fara ganinta a hannun wani Bature injiniyan kuza, doguwar mota mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa-ƙasa. Daga ranar ta shiga ranka ba ta fita ba. Mu dai abin da muka sani a gida shi ne tsohuwar motarka da sai mun tura ta kowace safiya.

Kana tuna yadda kake zaunar da mu bayan la'asar, ka ce motar nan su uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya? Hancinsu ɗaya, fitilunsu ɗaya, injinsu ɗaya, a ka suka bambanta. Akwai Ba Hula, wadda aka ƙera ta kai a buɗe, sai ɗan tamfol da ake kafa mata in ruwa ya tsuge. Akwai Mai Rawani, mai rufin yadi mai kauri da shafi a ciki, a naɗa shi a warware yadda aka ga dama. Sai Mai Kwalkwali, mai rufin ƙarfe, ita ba ta cire nata ko gaban wa. Yayyena su sulale su tafi ƙwallo, ni kaɗai nake zama, ba don son mota ba, don gyaɗar da kake ɓare mini.

Ka sha gaya mini: "Rabi, kada rufi ya ruɗe ki. In Ba Hula ta kafa tamfol, daga nesa sai ki rantse Mai Rawani ce. Ki dubi ƙofa." Ƙofar Ba Hula ba ta da mariƙi ta waje, ba ta da gilashin murɗawa, kuma bakinta ya lotsa inda direba ke aza gwiwar hannu. Ƙofar Mai Rawani tana da tsayi, da mariƙi, da gilashi, da wata 'yar taga mai kusurwa uku a gaba. Na haddace wannan kamar karatun allo, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba.

Lokacin da ka zo mana Woolwich ganin likita, Safiyya tana 'yar firamare. Ka ja ta zuwa wani fili inda masu tsofaffin motoci ke baje kolinsu, kuka dawo bakinku har kunne. A wurin ka yi mata alkawari cewa ranar da za a kai ta gidan miji, a cikin motar nan za ka kai ta. Mu muka ɗauka wasan kaka da jika ne. Ita kuwa ta riƙe. Da aka sa rana, ba ta yi gardamar lefe ba, ba ta yi ta zauren biki ba, abu ɗaya ta ce da Hausarta mai ɗingishi: "Mama, motar Kaka nake so."

Surukinka, Baban Safiyya, ya ce a bar masa wannan. Ka san halinsa, in ya yi abin kirki sai unguwa ta ji. Ya shigo kicin yana washe baki, ya miƙo mini waya. "Maman Safiyya, na yi booking ɗin hayar motar, an gama. Ga ta nan, har da rufinta."

Na karɓa na buɗa hoton da yatsu biyu. Ja ce, kyakkyawa, rufi a kafe. Idona ya sauka kan ƙofa, na nemi mariƙi na rasa. Nan take, Baba, na tuna sauran karatun: Ba Hula kujera biyu gare ta, ta direba da ta mutum ɗaya.

Ga ƙanwarka Gwaggo Asabe a falo, ta taso takanas daga Jos don ta kai amarya da hannunta. Da na yi mata bayani, ta ajiye kofin shayinta. "Amarya da direba su biyu, babu uwa babu gwaggo? A wane gari aka taɓa yi? To ba da ni a Landan ɗin nan ba. A nemo bas." Safiyya ta tashi ta haye sama. Baban Safiyya kuwa sai cewa yake ai motar ɗaya ce, sunan ɗaya ne, shi ina ya san tana da 'yan'uwa. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, saboda da zuciya ɗaya ya yi.

Asabar ɗin da ta biyo muka ɗunguma har da Gwaggo zuwa wurin mai motar, wani dattijon Bature a bayan gari ta wajen Kent. Ya buɗe rumfarsa, sai ga Ba Hula, ga Mai Kwalkwali a gefenta. Baba, na tsaya na kasa motsi. Na shafa bakin ƙofar nan da ya lotsa, daidai yadda kake kwatantawa da hannunka a iska. Dattijon ya tambaye ni inda na san su, na fassara masa sunayen da ka raɗa musu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci babu wanda ya taɓa bayyana su a taƙaice haka.

Ya ce Mai Kwalkwali tana da 'yar kujera a baya, a gwada. Gwaggo ta yi bismilla, ta sunkuya ta cusa kai. Ita ta shiga, ɗaurin ɗankwalinta ya tsaya a waje. Ta fito da baya-baya tana haki, ta ce in wannan ɗan ƙaramin ɗaurin bai wuce ba, ina ga gwaggwaron ranar biki. Ni da surukinka muka juya baya muna danne dariya, ta ce tana jin mu.

Dattijon ne ya fitar da mu daga matsalar. Ya kira wani abokinsa mai ta ukun, ya ce masa akwai wata baiwar Allah da ke neman mai rawani, ya faɗi kalmar da bakinsa a karkace. Ba mu bar wurin ba sai ga ta ta shigo, koriya shar. Na dubi ƙofa: ga mariƙi, ga gilashi, ga 'yar taga, ga katako mai sheƙi a gaban direba. Aka warware rufin, aka tura kujerar gaba, Gwaggo ta taka ta shiga a tsaye, ta zauna a kaikaice gwiwoyinta kusa da haɓa. Ta ce matsi kam akwai, amma ta taɓa zuwa Bauci a bayan akori-kura, wannan ai gata ne.

Ranar kai amarya Allah ya ba mu sarari, ko ɗigon ruwa babu. Aka bar rufin a warware saboda gwaggwaro, aka murɗa gilasai sama saboda iska. Safiyya a gaba cikin farar lafaya, Gwaggo a baya ta riƙe mata lulluɓi da hannu biyu kada ya tashi. Muka bi su a jere zuwa jirgin fiton Woolwich. A tsakiyar kogi Gwaggo ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, Turawan da ke cikin jirgin suka hau tafi, direbobi suka hau oda. Na yi dariya har kwallina ya zube. Na yi kewarka a wurin ƙwarai, Baba, amma daɗin ya fi yawa.

Da muka isa, sai da mutum biyu suka ciro Gwaggo, ƙafarta ta yi tsami. Ta gyara zani, ta kama hannun Safiyya, ta kai ta gaban uwar ango da danginsa. Na zaci doguwar nasihar da aka saba za ta yi. Sai ta ce: "Ga amana nan. Yaya Sule ne ya kawo muku ita, ni rakiya kawai na yi."

Safiyya, da ta wuni tana murmushi a ƙarƙashin lulluɓi, a nan ta fashe da kuka. Ni ma ban tsaya neman hankici ba.

To Baba, alkawarinka ya cika. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya yalwata maka shi iyakar ganinka. Ya saka maka da Aljanna Firdausi kan kowace la'asar da ka zauna da mu. Ya ba amaryarka zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sada mu da kai cikin rahamarsa. Amin.

'Yarka mai yi maka addu'a kullum,
Rabi
Woolwich, Landan