Iyakar Gonar Baba ta Dungu

Tamale, 9 ga Afrilu, 1957

Zuwa ga ƙanena Sualihu a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Azeta da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar tsohuwarmu Mma da ke tashi lokaci-lokaci.

Abin da ya sa na ba Malam Sidiki ya rubuta mini ita, maganar gonarmu ce ta Dungu, kuma raina a ɓace yake. Maƙwabcinmu Awudu ya tura kunyoyin doyarsa har cikin gefenmu na rafi, ya ce nasa ne. Sarki ya sa ranar Juma'a ta sama, ya ce kowa ya zo ya faɗi iyakarsa da baki, yadda ubansa ya nuna masa.

To, ka san wata biyu kafin rasuwar Baba ya ja Yaya Tahidu suka zaga gonar nan, yana dogara sanda, yana haki, yana kiran alamomin ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bayansu da goran ruwa. Baba bai kai ƙarshen magana ba Yaya ya ce ya ji, ya ji. Idonsa na kan hanya, wai motar jam'iyya za ta wuce da sabuwar tuta. Har sau biyu Baba ya tsaya ya tambaye shi ko ya riƙe, ya ce haba, shi yaro ne?

Shekaranjiya dattawa suka zaunar da Yaya su gwada shi. Mutumin da ke iya maimaita maka jawabin 'yancin kai tun daga farko har tafi, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai akwai wata bishiya. Wata bishiya! A dajin da babu komai sai bishiya. Wallahi kunya ta kama ni, shi kuwa ko a jikinsa. Da na ce na sani, sai ya daka mini tsawa, wai mace ba ta faɗin iyaka a gaban sarki.

Ga yadda Baba ya faɗa. Daga kukar da tsawa ta tsaga, a miƙe gabas zuwa kaɗanya biyu masu haɗe da gindi. Daga nan a bi tsohon suri a bar shi hannun hagu, a gangara har dutsen da Kaka ya binne a bakin rafi, taku bakwai daga ɗorawa. Ka sa a karanta maka har ya zauna, kuma don Allah ka rufe baki sai an gama.

In gefen rafin nan ya tafi, babu doyar da za ta kai Mma baɗi. Ka hau mota ka iso kafin Alhamis. Kai namiji ne, za a bar ka ka yi magana. In an tambaye ka wa ya koya maka, ka faɗi sunana a gaban Yaya.

Ka gai da Azeta, da Kawu Issahaku. Mma na sa maka albarka.

Yayarka,
Abibata